Tumadir ta kankare sunanta daga bangon littafi: a canza mata ko a bari?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku. Babbarsu shekararta 9, sunanta Tumadir. Mahaifinta ne ya zaɓa mata, kuma duk lokacin da na tambaye shi inda ya samo sunan sai ya yi murmushi ya ce in bari ta girma, shi da bakinsa zai ba ta labarin mai sunan. Allah bai nufa ba, yau shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Yanzu a makaranta yara sun mayar da ita Tumatir, kusan kullum da kuka take dawowa. Makon jiya na ga ta kankare sunan daga bangon littafinta, ta bar harafin T kaɗai. Yayata ta ce sunan ba shi da wata ma'ana. Wani kawunsu kuma ya ce shi bai taɓa jin sa a cikin sunayen Musulmi ba, gara a canza tun tana ƙarama. Ni kuwa in na tuna wanda ya raɗa mata sai in ji ba zan iya ba. Don Allah mene ne asalin sunan nan, me yake nufi, akwai masu shi kuwa? In canza ko in bari?

Amsa

Wa alaikumus salam, Maman Tumadir. Allah ya jiƙan maigidanki, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ƙara miki juriya.

Na karanta saƙonki sau biyu, kuma inda ya tsaya mini a rai shi ne bangon littafin nan. Yarinya 'yar shekara 9 ta keɓe ita kaɗai tana kankare sunanta harafi bayan harafi, ba ta gaya wa kowa ba, sai da idonki ya kai. Wannan ba shagwaɓa ba ce. Ciwo ne, kuma kin yi daidai da ba ki ɗauke shi wasan yara ba.

Ba zan ja miki rai ba: kada ki canza yanzu. Ba wai don canza suna laifi ne ba, zan zo kan wannan. Dalilina shi ne yarinyar nan tana ɗauke da sunan da ba ta san komai a kansa ba. Ke ma ba ki sani ba, yayarki da kawunsu ma haka. Duk gidan babu mai iya buɗe baki ya tsaya wa sunan in an taɓa shi. Mutum ɗaya ne ya san labarin, ya yi alkawarin bayarwa, ajali ya riga shi. To a fara biya masa wannan bashin tukuna. In ta ji labarin, ta kwana da shi ta tashi da shi, amma har yanzu tana so a canza, sai a zauna magana ta biyu.

Tumadir suna ne na Larabci, tsohon gaske, ya girmi zuwan Musulunci. Tushensa haruffa uku ne: mim, da lodi, da ra. Daga wannan tushen Larabawa suke kiran nonon da ya kama, ya fara tsami, ya yi fari tas, da madir. Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, ya kawo Tumadir a ƙarƙashin wannan tushe a babban ƙamusunsa Lisanul Arab, ya ce sunan mace ne, ya kuma ambato masanin lugga Ibn Duraid yana danganta shi da wancan nonon. Abin da Balarabe yake hange a nan shi ne farin da hasken. Daga tushen nan ne sunan Mudar ya fito, Mudar ɗan Nizar ɗan Ma'addu ɗan Adnan, wanda yake cikin jerin kakannin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma an ce hasken fatarsa ne ya jawo masa sunan. Har ila yau Larabawa suna amfani da kalmar wajen siffanta abin da yake kore shar, sabo, mai taushi. Saboda haka in yayarki ta sake cewa ba shi da ma'ana, ki gaya mata cikin ladabi cewa yana nufin mai haske, mai taushi kamar sabon tsiro.

Amma bari in faɗa miki abin da masu neman ma'anar suna a waya ba su cika lura da shi ba. Da yawa daga cikin sunayen da muke ji da su, in aka bi su zuwa ƙamus, abin da za a tarar ba shi ne ya ɗaukaka su ba. Khadija a lugga ita ce jaririyar da ta zo kafin watanninta su cika, bakwaini ke nan. Fatima daga yaye ne. Usman ɗan tsakon wani tsuntsun daji ne. Wa ya taɓa fasa sa wa 'yarsa Khadija saboda wannan? Babu, domin da an ce Khadija ba ƙamus ne ke faɗo wa mutum a rai ba, Uwar Muminai ce. Don haka tambayar da ta fi “me yake nufi” nauyi ita ce “wa ya taɓa amsa shi”.

Ga wadda nake kyautata zaton ita marigayi yake nufi. Ko ba ki taɓa jin Tumadir a wani wuri ba, da wuya a ce ba ki taɓa jin Khansa'u ba, wadda bakinmu ke cewa Hansa'u. To ita ce. Sunanta na yanka Tumadir 'yar Amru ɗan Sharid, daga ƙabilar Banu Sulaim. Khansa'u laƙabi ne da ake yi wa mace mai gajeren hanci da ya ɗan koma ciki, kuma da shi Larabawa suke siffanta barewa. An haife ta a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 6 na Miladiyya, ta yi rayuwa a jahiliyya, ta kuma riski Musulunci.

Tun tana budurwa aka san tana da ra'ayin kanta. Duraid ɗan Simma, shugaban Banu Jusham, jarumi ne kuma mawaƙi, sai dai girma ya kama shi. Ya hango ta tana shafa wa raƙumi magani, ta burge shi, ya yi waƙar da ya buɗe da sunanta, Tumadir, yana roƙon abokan tafiyarsa su dakata su gaishe ta. Ya je wurin mahaifinta neman aure. Uban ya girmama shi, amma bai yanke ba sai da ya shiga ya tambayi 'yarsa. Ta ce ba ta so, ba za ta bar samarin danginta ta auri tsoho ba. Maganarta aka bi.

Abin da ya sa duniya ta san ta kuwa rashi ne. Tana da 'yan'uwa maza biyu, Mu'awiya da Sakhru. Mutanen Banu Murra suka kashe Mu'awiya. Bayan 'yan shekaru Sakhru, wanda uba ɗaya suke, ya samu sukar mashi a wani faɗa da Banu Asad, ya kwanta jinya kusan shekara guda, ya cika. Masu tarihi sun kawo cewa mijinta almubazzari ne, duk sanda ya ƙarar da abin hannunsa sai ta je wurin Sakhru, shi kuma ya raba dukiyarsa biyu ya ba ta rabin da ya fi kyau, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Irin wannan ɗan'uwa ta rasa. An ce kafin rasuwarsu baiti biyu ko uku take yi ta tsaya. Bayan rasuwarsu bakinta ya buɗe. A wata waƙar ta ce fitowar rana tana tuna mata da Sakhru, kuma duk faɗuwar rana sai ta tuna shi. A wata ta kamanta shi da dutse mai tsawo da aka hura wuta a kansa, har masu nuna wa mutane hanya da shi suke gane hanya. Wannan kamancen ya zama karin magana a Larabci har gobe.

A kasuwar Ukaz, kusa da Ɗa'ifa, inda mawaƙan Larabawa ke haɗuwa duk shekara, ana kafa wa Nabigha na Banu Zubyan jan tanti na fata, yana zaune yana alƙalanci tsakaninsu. An ruwaito cewa da Khansa'u ta gama rera tata, ya ce mata ba don mawaƙi A'asha ya riga ta ba, da ya ce ta fi duk wanda ya zo. A shekara ta 8 bayan Hijira, wajen 630 Miladiyya, ta zo Madina tare da mutanenta ta musulunta. Ibn Abdil Barri, malamin Malikiyya na Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a 1071, ya kawo a littafinsa na tarihin sahabbai cewa Manzon Allah yakan nemi ta rera masa waƙa, yana jin daɗi, yana cewa ta ƙara. Ya kuma ce masana waƙa sun haɗu a kan cewa ba a yi macen da ta fi ta waƙa ba, kafinta ko bayanta.

Akwai labarin da aka fi yawan ji a wa'azi, na 'ya'yanta huɗu da suka yi shahada a yaƙin Ƙadisiyya a ƙasar Iraƙi, wajen 636, zamanin Halifa Umar, ta karɓi labarin da godiya ga Allah. Littattafan tarihin sahabbai sun kawo shi, ko da yake wasu malaman hadisi sun yi magana a kan sarƙar ruwayar. Ko ma dai yaya ne, ba da shi za ki fara wa yarinyar da ta binne uba tana da shekara 7 ba. Ki ajiye shi sai ta ƙara hankali. Ki fara mata da budurwar da aka tambayi ra'ayinta aka bi, da matar da ta shiga tsakiyar maza a Ukaz ta rera waƙa aka yi tsit, da wadda Annabi ya ce ta ƙara.

Ki duba ki gani, ƙanwata. Mai sunan 'yarki mace ce da ta rasa wanda take ƙauna, ba ta haɗiye abin ya cinye ta a ɓoye ba, ta mayar da shi magana, maganar ta rayu sama da shekara 1,400. 'Yarki ma ta yi rashi. Ban ga labarin da ya fi dacewa da kunnenta a yanzu kamar wannan ba. Na san kuma za a samu mai raɗa miki cewa ai suna linzami ne, sunan mai kuka ne ya jawo mata maraici. Kada ki ba wannan magana masauki ko na dare ɗaya. Nana Fatima ta rasa uwa tana ƙarama, ta rasa 'yan'uwanta mata duka, ta rasa uba, ba wanda ya ce sunanta ne sila. Mutuwa ba ta duba suna kafin ta shiga gida.

Akwai Tumadir ta biyu, kuma ita ce amsar kawunsu. A watan Sha'aban na shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah ya tura Abdurrahman ɗan Aufu zuwa Dumatul Jandal, wanda yake yankin Jauf a arewacin Saudiyya ta yau, ya kira ƙabilar Kalb zuwa Musulunci. Shugabansu Asbagh ɗan Amru, wanda Kirista ne a lokacin, ya musulunta tare da jama'a da dama. Abdurrahman ya auri 'yarsa ya taho da ita Madina. Sunanta Tumadir. Ita ta haifa masa Abu Salama, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu na Madina a zamanin tabi'ai, wanda duk mai buɗe Muwaɗɗa ko Bukhari zai yi ta cin karo da sunansa yana ruwaito hadisi daga Abu Huraira da Nana A'isha. Har a babin gado ta bar tarihi. Abdurrahman ya sake ta yana cikin ciwon ajali, Halifa Usman ya hukunta cewa tana da rabonta, kuma har yau malamai suna kafa hujja da wannan hukunci a kan irin wannan sakin.

Abin lura a nan shi ne mijin nata shi kansa ba Abdurrahman aka raɗa masa ba. Sunansa na jahiliyya Abdu Amru ne, wasu suka ce Abdul Ka'aba, Annabi ne ya canza masa. Manzon Allah ba ya kawar da kai daga sunan da bai dace ba. Ya mayar da Barra ta koma Zainab, wata Barrar ta koma Juwairiyya, saboda sunan yana ɗauke da yabon kai. 'Yar Sayyidina Umar da ake kira Asiya, da ain da sodi, wato mai saɓo, ba irin na Asiya matar Fir'auna ba, ya mayar da ita Jamila. To ga mata biyu masu suna Tumadir a zamaninsa, ɗaya matar babban sahabinsa, ɗaya mawaƙiyar da yake saurare, kuma da wannan sunan tarihi ya riƙe su, ba a canza wa ko ɗaya ba. Kawu bai yi ƙarya ba da ya ce bai taɓa ji ba, mutane da yawa ba su ji ba. Ki kai masa wannan bayani da girmamawa, ba da sigar kin kama shi ba, domin za ki buƙace shi a ɓangarenki.

To me ya sa sunan ya yi ƙaranci haka? Da farko laƙabin ne ya danne shi. A ƙasashen Larabawa makarantun 'yan mata da tituna masu sunan Khansa'u ba su ƙirguwa. Har a duniyar Mekuri, wadda ta fi kowace kusa da rana, akwai wani ƙaton rami da masana taurari suka sa wa sunan Khansa tun a shekarun 1970 don girmama ta. Ki gaya wa 'yarki wannan, yara suna son irinsa. Duk ɗaukakar ta tafi ga laƙabi, sunan yanka ya zauna a littafi. Sannan suna yawanci ta hanyar takwara yake yaɗuwa, mutum ya sa sunan mahaifiyarsa ko kakarsa ko wata da yake ganin girmanta. Sunan da ba shi da tsohuwa mai amsa shi a dangi ba ya shigowa sai ta hannun wanda ya buɗe littafi ya gani ya ƙaunata. Wannan kaɗai ya gaya mini wani abu game da maigidanki.

Ƙaranci kuma ba mutuwa ba ne. Tumadir Taufiƙ tana cikin matan farko da aka ji muryarsu a rediyon Masar, har ta kai ga shugabantar gidan talabijin na ƙasar. A 2018 Saudiyya ta naɗa Dakta Tumadir Rammah mataimakiyar ministan ƙwadago da walwalar jama'a. Za ki ga ana rubuta sunan da boko iri-iri, Tamadur, Tamader, Tomader, saboda rubutun Larabci ba ya nuna gajerun wasula, kowace ƙasa da yadda take furtawa. Duk abu ɗaya ne. Ke dai ki tsaya a kan rubutu guda a duk takardunta. Ni da kaina na ga lokacin da in aka ce Nusaiba ko Rumaisa sai an sake tambaya, yau kuwa ba mai ɗaga kai. Suna yakan yi shekaru a ɓoye, sannan ya fito.

Yanzu ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kunnen duk mai jin Hausa zai ji kamar da ke tsakanin Tumadir da kalmar da yaran suke jifanta da ita, harafi ɗaya ne ya raba su. Akwai ma dalilin da ya sa suka yi karo haka. Harafin lodi, in kalma ta daɗe a bakinmu, lam yake komawa. Shi ya sa muke cewa alƙali, farilla, lalura, alwala, shi ya sa Murtada ya zama Murtala, Ridwan ya zama Rilwanu. Da sunan nan ya shigo tun zamanin da waɗannan suka shigo, da wataƙila Tumalir za a riƙa cewa, ba mai jin komai. Ya shigo a makare, ta hanyar karatu, da harafin d, sai ya faɗa kusa da wata kalma. Wannan ba aibin sunan ba ne, amma tsokanar ba za ta ɓace gobe da safe ba, kuma kada ki yi wa yarinyar alkawarin za ta ɓace. Ga iyayen da ba su riga sun raɗa ba kuwa, shawarata ita ce bayan kun duba littafi, ku furta sunan da ƙarfi cikin harshen da yaron zai tashi da shi, ku saurare shi da kunnen ɗan aji uku. Ban faɗi haka don in ga baiken marigayi ba. Shi darajar mai sunan ya hango, kuma abin da ya hango gaskiya ne.

Abin yi na farko ba bayani ba ne, sauraro ne. Ki samu lokacin da ƙannenta suka yi barci, ki jawo ta jikinki, ki ce kin ga littafin, ba faɗa za ki yi ba. Ki tambaye ta su wa ke faɗa, a ina, tun yaushe, malamai suna ji ko ba sa ji. Kada ki ce mata “share su kawai” ko “ke ma kin cika kuka”. Yaron da aka gaya wa haka ba ya daina jin ciwo, daina kawo ƙara yake yi. Ki kuma buɗe kunne sosai, domin ina zargin ba duk hawayen nan ne na tsokana ba. Sunan nan shi ne abin da babanta ya ba ta da bakinsa, ita kaɗai. Duk sanda aka yi masa dariya, wataƙila ji take kamar da shi ake, ga shi ba ya nan balle ta kai masa ƙara. Yaro ba ya iya faɗar wannan, sai dai ya kankare bangon littafi.

Daga nan sai labarin, kaɗan-kaɗan, ba a dare ɗaya ba. Ki fara da cewa, “Babanki ya ce zai ba ki labarin mai sunanki in kin girma. To kin girma, ni zan ba ki a madadinsa.” Ki nemi abokansa na kusa da 'yan'uwansa, ki duba littattafan da ya bari. Mai yiwuwa akwai wanda ya gaya wa dalilinsa, ko shafin da ya naɗe, ko layin da ya ja wa biro. In kin samu irin wannan ki damƙa mata a hannu, ya fi duk abin da na rubuta nan.

Ki koya mata amsa guda, gajeriya, ku maimaita tare har ta zauna a bakinta: “Sunana Tumadir, sunan sahabiyya ne, mawaƙiyar da Annabi ya saurara.” Ta faɗa sau ɗaya, kanta a ɗage, ta ci gaba da abin da take yi. Mai tsokana kuka yake nema, ranar da ya daina samu kasuwarsa ta fara mutuwa. Ba a kwana ɗaya ake koyon wannan ba, za ta gwada ta kasa, ki ƙarfafa ta ta sake.

Ki je makarantar da ƙafarki, ki ga malamin ajin a keɓe. Kada ki nemi a tara yara a hukunta su a gabanta, da an fita tara za su rama a kanta ninki biyu. Ki roƙi abu biyu. Ya riƙa kiran sunan daidai, ba tare da murmushi ba, duk lokacin kiran suna, kuma ya tsawatar nan take in wani ya karkata shi. Sannan in zai yiwu ya ba ajin duka aikin gida, kowa ya tambayo ma'anar sunansa da wanda ya fara amsa shi, a zo a faɗa. A irin wannan ranar, yarinyar da ake yi wa dariya ita ce za ta zo da labarin da ya fi na kowa tsawo. In malamin yana buƙatar madogara, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta ishe shi, inda Allah ya hana wasu su yi wa wasu izgili, ya ambaci mata da kansu, ya kuma hana jifan juna da miyagun laƙabobi. A gida ma haka. Duk babban da ke maimaita tsokanar da sunan wasa, ko waye, ki taka masa burki, domin dariyar babba ta fi ta yara goma zafi.

Sai maganar canji. Shari'a ba ta hana ba, kuma ranar da ya zama dole ba ki ci amanar marigayi ba. Amma akwai hanya ta tsakiya da tarihi da kansa ya shimfiɗa muku. Mai sunan tana da suna biyu. In bayan ta ji labarin ta ce tana so a riƙa kiranta Khansa'u, ki bar ta, mace ɗaya ce dai, zaɓin babanta bai faɗi ƙasa ba. Sai Tumadir ya zauna a takarda, Khansa'u a baki, ranar da ta girma ta ɗauki wanda ta ga dama. Sharaɗin kawai ya fito daga bakinta, kada a ɗora mata. Ki ba abin zangon karatu ɗaya ko biyu. In kika ga ta fara ƙin zuwa makaranta, ko barcinta ya lalace, ko ta daina magana da wasa, to abin ya wuce suna. Ki nemi mai ba da shawara ko likitan yara, ki kuma yi tunanin sauya mata aji ko makaranta kafin ki taɓa sunan. In duk an yi wannan ta dage, ki zauna da dangin mahaifinta a yanke tare, kuma ko a nan ƙari nake so a yi, a bar na uban a jere da sabon.

Littafin nan kuma kada ki saya mata wani don a ɓoye abin da ya faru, kada ki cike mata sunan da hannunki. Ki bar T ɗin yadda ta bar shi, da wurin da ta kankare a gefensa. Ki ajiye biro inda hannunta zai kai. In an kwana biyu ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da ta rubuta a wurin. Allah ya raya Tumadir da ƙannenta, ya yi musu albarka.